Karin Sautin Hausa da Kimiyyar Ƙwaƙwalwa ta Lissafi: Damar Bincike Bayan Digiri na Uku ga Manazarta Harshe

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi wani fagen ilimi da manazarta Hausa ba su cika leƙawa ba, wato kimiyyar ƙwaƙwalwa ta lissafi, tare da damar binciken bayan digiri na uku da ke cikinsa. Manufarta ita ce nuna cewa wasu al'amura da aka daɗe da bayyanawa a tsarin sautin Hausa da nahawunta, musamman gangarowar karin sauti da bambancin jinsi tsakanin kare-karen harshe, tambayoyi ne da wannan fage ke da kayan aikin amsa su. An bi hanyar bitar ayyukan da suka gabata a fannonin biyu, sannan aka ɗauki yankin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a matsayin misalin wurin da irin wannan bincike zai iya tsiro. Maƙalar ta gano cewa ƙofofin tallafi a buɗe suke ga ɗan Nijeriya, amma galibinsu na da wa'adin shekaru bayan kammala digiri na uku, don haka shiri tun daga matakin digiri na biyu ne ke raba mai samu da mai rasawa.

Fitilun Kalmomi: karin sauti, ƙwaƙwalwa, samfurin lissafi, karin harshe, binciken bayan digiri na uku

1.0 Gabatarwa

A jami'o'inmu, wanda ya kammala digiri na uku a nazarin Hausa yakan koma aji kai tsaye, nauyin koyarwa da duba ayyukan ɗalibai su cinye lokacinsa. A yawancin ƙasashen da bincike ya bunƙasa kuwa, akwai wani zango na shekara biyu zuwa biyar da sabon dakta ke yi a ƙarƙashin wani gogaggen masani, ba shi da babban aiki sai bincike da wallafa. Wannan zango shi ake nufi da binciken bayan digiri na uku. A cikinsa ne matashin masani ke koyon sababbin dabaru, ya kuma kafa tambayar da zai rayu yana bi.

Ɗaya daga cikin fagagen da ke ɗaukar irin waɗannan masu bincike shi ne kimiyyar ƙwaƙwalwa ta lissafi. Da jin sunan, manazarcin Hausa zai ɗauka harkar likitoci ce da masana lissafi. Sai dai wani babban reshe na fagen harshe yake nazari: yadda ƙwaƙwalwa ke mayar da sautin da ya shiga kunne zuwa kalma, da kalma zuwa ma'ana. A shekarar 2022 Damian Blasi da abokan aikinsa sun wallafa wata maƙala da ta nuna yadda dogaro da Ingilishi fiye da kima ya taƙaita abin da aka sani game da tunanin ɗan Adam. Idan aka ci gaba da gina ra'o'in fahimtar magana a kan harsunan da ba su da karin sauti irin na Hausa, na'urorin ji da gwaje-gwajen asibiti da za a kawo wa Bahaushe za su zo da awon wani ne. Wannan shi ne dalilin da ya sa batun ya shafi sassan nazarin Hausa.

2.0 Ma'anar Fagen da Taƙaitaccen Tarihinsa

Kimiyyar ƙwaƙwalwa ta lissafi ita ce amfani da lissafi da kwamfuta wajen bayyana yadda ƙwayoyin jijiya ke sarrafa saƙo. An ƙiyasta cewa ƙwaƙwalwar mutum na ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowace na aika wa 'yan'uwanta saƙo ta hanyar ɗan tartsatsin lantarki. Mai bincike yakan rubuta samfuri, wato jerin ƙa'idojin lissafi da ke hasashen abin da ƙwaƙwalwa za ta yi idan ta ci karo da wani abu, sannan ya gwada hasashen da abin da aka auna a zahiri. In sun dace, samfurin ya sami ƙarfi. In sun saɓa, a gyara shi ko a yar.

Tushen fagen ya koma ga aikin Warren McCulloch da Walter Pitts na 1943, waɗanda suka siffanta ƙwayar jijiya da ƙa'idojin manɗiƙi, da kuma na Alan Hodgkin da Andrew Huxley na 1952, waɗanda suka auna lantarkin jijiyar wata dabbar teku suka fito da lissafin da har yau ake koyarwa. Wannan aiki ne ya kai su ga lambar yabo ta Nobel a 1963. A littafinsa na 1982 kan gani, David Marr ya raba bayanin kowane aikin ƙwaƙwalwa zuwa mataki uku: mene ne aikin da ake son yi, wace hanya ake bi a yi shi, sannan wane sashen jiki ne ke aiwatarwa. Wannan rabe-rabe yana da muhimmanci ga mai nazarin harshe, domin mataki na farko nasa ne. Kafin a tambayi yadda ƙwaƙwalwa ke gane karin sauti, sai an sami wanda ya san abin da karin sauti ke yi a harshen.

Ta fuskar harshe, tun a 1861 Paul Broca ya danganta matsalar furta magana da lahani a gaban ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa, Carl Wernicke kuma a 1874 ya danganta matsalar fahimta da wani sashe na baya. A 1980 Marta Kutas da Steven Hillyard sun yi amfani da na'urar EEG, mai auna lantarkin ƙwaƙwalwa daga fatar kai, suka gano wata alama da ke bayyana kimanin kashi huɗu cikin goma na daƙiƙa bayan mutum ya ci karo da kalmar da ba ta dace da ma'anar jimla ba. Ita ake kira N400. Daga baya, a 1992, aka bayyana takwararta P600, wadda ta fi alaƙa da saɓa ƙa'idar nahawu.

3.0 Abin da Hausa Za Ta Kawo wa Fagen

3.1 Karin Sauti da Gangarowarsa

Sananne ne cewa Hausa na da karin sama da karin ƙasa da faɗau, kuma rubutun yau da kullum ba ya nuna su, kamar yadda ba ya nuna tsawon wasali. Kalmar wuya mai karin sama-ƙasa gaɓar jiki ce, mai karin ƙasa-sama kuwa wahala ce. Kuka mai karin sama-sama zubar da hawaye ne, mai sama-ƙasa itaciya ce. A nahawu ma haka: ya tafi na iya zama labarin abin da ya wuce idan lamirin na da dogon wasali da karin sama, ya kuma zama umurni ko fata idan wasalin gajere ne mai karin ƙasa. Ƙamusun Bargery na 1934 ya nuna kari a kalmominsa, William Leben ya kafa hujja da Hausa a kundinsa na 1973 kan matsayin kari a tsarin sauti, Paul Newman kuma ya tattaro bayanin a babban nahawunsa na 2000.

Abin da ya fi jan hankali shi ne gangarowar kari. A jimlar bayani, duk karin saman da ya biyo bayan karin ƙasa yakan sauko ƙasa da karin saman da ya gabace shi. A dubi jimlar Audu ya sayi rago a kasuwa. Gaɓoɓin au, ya, yi, go da suwa suna da karin sama, kuma tsakanin kowane biyu akwai karin ƙasa. Domin misali kawai, a ƙaddara tantanin maƙwallaton mai magana ya kaɗa sau 150 a daƙiƙa a gaɓar farko, kuma kowane karin sama na gaba yana raguwa da kashi goma cikin ɗari. Za a sami 150, sai 135, sai kimanin 122, sai 109, sai 98. Idan karin ƙasan da ke kan du ya fito a 120, to karin saman ƙarshen jimla ya fi karin ƙasan farkonta zurfi. Duk da haka babu Bahaushen da zai ji suwa a matsayin karin ƙasa.

Ma'anar wannan ita ce mai sauraro ba ya aiki da tsayayyen ma'auni. Dole yana riƙe da wani mizani a ƙwaƙwalwarsa wanda yake sabuntawa gaɓa bayan gaɓa, yana kuma daidaita shi da muryar mai magana, namiji ne ko mace ko yaro. Mona Lindau ta gwada samfurin lissafi a kan rausayar muryar Hausa a 1986, Sharon Inkelas da Leben kuma suka sake duba batun a 1990, amma waɗannan ayyuka sun fi karkata ga furuci da tsarin sauti. Ɓangaren mai ji ne ya rage.

Binciken ƙwaƙwalwa ya kawo abin da za a ɗora a kai. A 2017 ƙungiyar Edward Chang a Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco ta auna lantarki kai tsaye daga saman ƙwaƙwalwar majinyata masu jiran tiyata, ta gano cewa wasu rukunonin ƙwayoyin jijiya a sashen ji suna bin hawa da saukar murya gwargwadon muryar mai maganar kansa. A 2021 ƙungiyar ta kwatanta masu Sinancin Mandarin da masu Ingilishi, ta ga sanin harshen na sauya yadda ƙwaƙwalwa ke rarrabe kari. Tun kafin nan, a 2005, Ananthanarayan Krishnan da abokan aikinsa sun nuna cewa ko a tushen ƙwaƙwalwa masu Mandarin sun fi bin sawun kari daidai. Sai dai Mandarin kari huɗu gare shi, kuma siffar lanƙwasar murya a cikin gaɓa ɗaya ce ta fi bambanta su. A Hausa kuwa, kari ɗaya ba ya ganuwa sai an kwatanta shi da maƙwabcinsa. Don haka tambayar ita ce: gaɓa nawa ƙwaƙwalwar Bahaushe ke waiwaya kafin ta yanke hukunci, kuma me ke faruwa da mizanin a jimlar tambaya, inda gangarowar ke raguwa? Wannan tambaya ce da za a iya rubuta wa samfura biyu ko uku masu hasashe mabambanta, a gwada su da masu sauraro.

3.2 Jinsi da Kare-karen Harshe

Misali na biyu daga nahawu yake. Daidaitacciyar Hausa na bambanta namiji da tamace a harafin mallaka: gidan Audu, amma rigar Audu. A Zazzaganci da Bausanci wannan bambanci ya yi rauni, har akan ji rigan Audu. Kare-karen yamma kuwa sun riƙe bambancin, sun kuma adana tsofaffin siffofi irin su zamna da sabka da amre a inda Kananci ke da zauna da sauka da aure.

Ga mai nazarin ƙwaƙwalwa wannan dama ce da ba kasafai ake samu ba. Jimla ɗaya tak, ga wani mai sauraro kuskure ce, ga wani daidai ce, alhali dukansu Hausawa ne tun haihuwa. Ana iya hasashen cewa Bakatsine zai nuna alamar P600 idan ya ji rigan Audu, Bazazzagi kuma ba zai nuna ba. Tambaya mafi daɗi ita ce ta wanda ya tashi yana jin duka biyun: shin ƙwaƙwalwarsa na sauya tsammaninta da zarar ta gane daga inda mai magana ya fito? Samfuran da ke ɗaukar fahimtar magana a matsayin hasashen abin da zai biyo baya za su amfana ƙwarai da amsar.

4.0 Yankin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa a Matsayin Fagen Bincike

Waɗannan ƙananan hukumomi uku na kudancin Jihar Katsina mazaɓa ɗaya ce ta Majalisar Wakilai. Sabuwa na iyaka da Jihar Kaduna ta ɓangaren Birnin Gwari, Faskari na iyaka da Jihar Zamfara, kuma harkokin kasuwanci da karatu da neman magani na kai mutanen yankin Funtuwa da Zariya. Wannan matsayi ya sa kunnen mutumin yankin ya saba da Katsinanci da Zamfaranci da Zazzaganci, wato irin mai sauraron da aka bayyana a sama.

Amfanin binciken ga al'ummar yankin a fili yake. Arewacin Nijeriya na cikin zirin da cutar sanƙarau ke yawan ɓarkewa, kuma kurumta na daga cikin abin da takan bari. Na'urar ji da ake dasawa a cikin kunne ta fi iya isar da baƙaƙe da wasula a kan hawa da saukar murya, matsalar da aka daɗe da lura da ita ga masu Mandarin. Yaron da ba ya bambance wuya da wuya ya rasa wani yanki na harshensa. Haka nan wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa magana yana buƙatar gwajin da aka gina a kan Hausa, domin gwajin da aka fassaro daga Ingilishi ba zai tambayi kari ko tsawon wasali ko baƙaƙe irin su ɓ da ɗ da ƙ ba.

Ƙalubalen ma ba ɓoyayye ba ne. A watan Disamba na 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Ƙanƙara. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan uku, na tsawon watanni. Duk tsarin binciken da bai yi la'akari da tsaro da wutar lantarki da sadarwa ba, a takarda zai tsaya. Mafita mai yiwuwa ita ce raba aikin gida biyu: naɗar murya da gwajin sauraro, waɗanda rikoda da ƙaramar kwamfuta suka wadatar, a yi su a garuruwan da hali ya ba da dama, awon EEG kuwa a yi shi a Zariya ko Kano ko Katsina tare da 'yan yankin da ke karatu ko zaune a can. Wajibi ne a sami izinin kwamitin ɗa'ar bincike da yardar masu ba da bayani cikin harshen da suke ji, a kuma kiyaye Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023, musamman da yake murya na iya tona asirin mai ita.

5.0 Hanyoyin Horo da Tallafi

Wani nazari da Mahmoud Bukar Maina da abokan aikinsa suka wallafa a 2021 ya bibiyi ayyukan kimiyyar ƙwaƙwalwa na Afirka na kimanin shekara ashirin, ya nuna cewa mafi yawansu daga ƙasashe biyar suka fito, Nijeriya ce ta uku bayan Masar da Afirka ta Kudu. Shi wannan masani, wanda ke aiki a Jami'ar Sussex ta Ingila, shi ya jagoranci kafa cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu a 2021, wadda ke horar da matasan masu bincike. Ita ce misali mafi kusa da ke nuna cewa irin wannan aiki na iya zama a Arewa.

Ta fuskar horo, akwai makarantar Imbizo da aka fara gudanarwa a yankin Cape Town a 2017 da tallafin ƙungiyar IBRO da Gidauniyar Simons, ta kimanin mako uku. Ƙungiyar TReND in Africa ta fara kwas ɗin CaMinA a Akra a 2023. Neuromatch Academy, wadda ta fara a 2020, ta intanet take koyarwa, kuma darussanta a buɗe suke kyauta ga mai son bi da kansa. A ɓangaren sarrafa harshe da kwamfuta, ƙungiyoyin Masakhane da HausaNLP sun tara matanin Hausa, shirin Common Voice na Mozilla kuma na tara muryoyi.

Tallafin bayan digiri na uku iri-iri ne. Shirin Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai na karɓar ɗan kowace ƙasa domin yin shekara ɗaya zuwa biyu a wata cibiya ta Turai, muddin bai wuce shekara takwas yana bincike bayan digirinsa ba. Shirin Georg Forster na Gidauniyar Humboldt ta Jamus an keɓe shi ga masana daga ƙasashe masu tasowa, yana ba sabon dakta wata 6 zuwa 24, da sharaɗin bai wuce shekara huɗu da kammalawa ba, kuma aikinsa ya shafi cigaban ƙasarsa. Gidauniyar Wellcome na da tallafin masu fara aiki na tsawon har shekara biyar, wanda za a iya riƙewa a jami'ar gida. Shirin HFSP na ba da shekara uku ga wanda ya fito daga lissafi ko kimiyyar kwamfuta yana son shiga nazarin halittu, abin da ya fi dacewa da abokin aikin manazarcin harshe. A gida kuma akwai asusun TETFund ga malaman manyan makarantun gwamnati. Daga cikin cibiyoyin da suka shahara akwai Cibiyar Max Planck ta nazarin harshe da tunani da Cibiyar Donders, duka a Nijmegen ta ƙasar Holan, da Sashen Gatsby da ke Landan, wanda aka kafa a 1998.

Tallafin waje ba abin jingina ba ne kacokan. Shirin FLAIR, wanda aka tsara domin matasan masanan Afirka, ya durƙushe a 2021 sakamakon rage kuɗin agajin Birtaniya. Sharuɗɗa ma na sauyawa daga shekara zuwa shekara, don haka sanarwar shekarar da ake nema ita ce abin dogaro.

6.0 Shirin da Ya Kamata a Yi

Da yake wa'adin neman tallafi na fara ƙirguwa ne daga ranar kammala digiri na uku, wanda ya jira sai ya kammala kafin ya fara koyon lissafi ya makara. Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin ɗalibin Hausa ba: ilimin ƙididdiga da yiwuwa, tushen aljabara, harshen kwamfuta na Python, da manhajar Praat ta awon sauti, wadda kyauta ce. Kundin digiri na uku da ya ƙunshi awon murya da gwajin sauraro, aka kuma wallafa wani sashe nasa, ya fi buɗe ƙofa a kan wanda ya tsaya ga bayani kaɗai. Masu karɓar baƙin masu bincike sukan nemi wanda ya zo da abin da ba su da shi. Tarin muryoyin Hausa da aka yi wa alamar kari da tsawon wasali da karin harshen mai magana dukiya ce da ƙwararren masanin Hausa kaɗai zai iya samarwa.

Sassan Hausa na Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma na iya sauƙaƙa hanyar ta wajen amincewa da duba kundi na haɗin gwiwa da sassan lissafi da kwamfuta da koyon aikin likita. Haka kuma akwai aikin ƙirƙiro keɓaɓɓun kalmomin wannan fage da Hausa, wanda babu mai yin sa sai su.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa gangarowar karin sauti da bambancin jinsi tsakanin kare-karen Hausa tambayoyi ne da za a iya mayarwa samfuran lissafi a gwada su, kuma yankin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa na da irin masu sauraron da gwajin ke buƙata. Ta kuma kawo hanyoyin horo da tallafi tare da sharuɗɗansu. Shawarar da ta fi gaggawa ita ce a fara tara muryoyin yankin da cikakkiyar alamar kari tun yanzu, a kuma shigar da ƙididdiga da awon sauti cikin kwasa-kwasan digiri na biyu, domin ɗalibin da zai nemi irin wannan tallafi nan da shekara biyar ya isa wurin da bayanansa a hannu.